Shagon Kofi Mai Kyanwoyi: Ciniki Ne Ko Ceto?

A shekarar 1998 aka buɗe wani shagon shan kofi a Taipei, babban birnin Taiwan, inda kyanwoyi ke yawo tsakanin kujerun baƙi. Al'adar ta tsallaka Japan a 2004, aka buɗe irinsa a Osaka, ta kuma samu karɓuwa domin masu gidajen haya da yawa a biranen ƙasar ba sa barin ɗan haya ya ajiye dabba. Mutum zai biya kuɗin zama, ya sha kofi, ya shafa mage, ya kama gabansa. Wannan ciniki ne zalla.

Abin da aka yi a Oakland ta jihar California a Amurka ya sha bamban. Wata mata mai suna Ann Dunn, wadda ke aikin sa-kai a gidan ajiye dabbobi na hukumar birnin, ta lura cewa kyanwoyin da suka tsufa, ko masu ciwo, ko masu tsoron mutane, su ne ba a ɗauka, domin a cikin keji sai su maƙale a lungu, mai neman dabba ya wuce su, daga ƙarshe a yi musu allurar mutuwa. A 2011 ta kafa ƙungiyar Cat Town, wadda ta fara da raba irin waɗannan kyanwoyi ga gidajen da za su yi riƙonsu na ɗan lokaci. A watan Oktoban 2014 ƙungiyar ta buɗe shagon kofi mai kyanwoyi, na farko irinsa a Amurka, aka ware ɗakin kyanwoyi daban da wurin abinci kamar yadda dokar tsafta ta tanada.

A ganina, ribar kofi ita ce mafi ƙanƙantar abin da shagon ya kawo. Gidan ajiye dabbobi wuri ne da mutum ke zuwa sau ɗaya da zuciya a ɗaure, amma shago wuri ne da ake komawa, kamar teburin mai shayi, inda yawan zama ke mayar da baƙo ɗan majalisa. Wanda ya zo kallo yau, gobe ya san kyanwar da suna, jibi ya yarda ya riƙe ta mako biyu, wani kuma ya ɗauki nauyin kuɗin likita. Jama'ar da aikin ceto ke buƙata ba ta taruwa da sanarwa; sai an ba ta dalilin zama wuri ɗaya a kai a kai.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. A 2025 ƙungiyoyin kare dabbobi na Birtaniya, RSPCA da Cats Protection, sun nemi a daina ba irin waɗannan shaguna lasisi, domin mage dabba ce mai son yankinta ita kaɗai, kuma cusa ta cikin 'yan uwanta da hannayen baƙi yini guda yana takura mata. Na yarda da su a kan shagon da ya mayar da kyanwoyi kayan ado na dindindin. Ban yarda a yi wa kowa kuɗin goro ba. Ma'aunin da ya dace shi ne ko dabbar tana fita zuwa gida na dindindin, da kuma ko tana da wurin ɓuya idan ta gaji da mutane.

Mu a nan ba kofi da mage ne za su tara mu ba, ko da yake kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wurin taruwarmu shi ne shagon mai sayar da maganin dabbobi da abincin kaji, inda masu tattabaru da mafarauta da masu kiwo ke haɗuwa dama can. Mai irin wannan shago zai iya gayyato likitan dabbobi rana ɗaya a wata domin rigakafin haukan kare, ya kuma ajiye littafin sunayen masu neman 'ya'yan kyanwa, maimakon a zuba su a buhu a kai bola.