A Ingila sai ka nuna wahalarka ta fi ta kowa kafin a ba ka ɗaki

Mutum ya rasa wurin kwana, ya je ofishin ƙaramar hukuma da kayansa a leda, abin da za a fara auna shi da shi: yana cikin masu fifiko, wato waɗanda doka ta wajabta wa hukuma ta ba masauki, ko a'a? Wai rashin gidan kansa bai isa hujja ba.

Dokar Gidaje ta 1996 ta ware waɗanda ba a jayayya a kansu: mai juna biyu, mai yara a hannunsa, wanda gobara ko ambaliya ta raba da muhalli. Daga baya aka shigo da 'yan shekara 16 da 17, da 'yan 18 zuwa 20 da suka taso a hannun hukuma. Sai a 2021 aka ƙara wanda cin zarafin cikin gida ya koro. Madalla. Sauran bayin Allah fa? Gwauro mai ciwon sukari, wanda ya fito daga kurkuku jiya, tsohon soja da hankalinsa ya taɓu, kowa sai ya tabbatar yana da "rauni". Kotun Ƙoli ta ce a 2015 a gwada shi da mutum mai cikakkiyar lafiya da ya rasa gida, sai in ya fi shi galabaita sosai. Kwanan titi a sanyin Janairu ya zama gasa ke nan.

Abin da ya fi ƙona rai, sau da yawa likitan da hukuma ta ɗauka bai taɓa ganin fuskar mutum ba. Takarda kawai zai duba ya rubuta cewa magani na riƙe da shi. Shi ya sa wasiƙar likitanka kada ta tsaya a sunan ciwo. Ta faɗi abin da zai faru in ka kwana waje: allurar insulin na son firiji, ƙafar da ta yi gyambo na son wanki kullum.

Sashe na 188 na Dokar Gidaje ta 1996 ya ce da zarar akwai dalilin zaton kana cikin masu fifiko, dole a ba ka masauki na wucin gadi kafin a gama bincike. Zato kawai. Amma ana korar mutane da "je ka kawo takarda", alhali wannan saɓa doka ne. Kada ka yarda da maganar baka. Nemi hukunci a rubuce, don daga ranar da ka same shi kwana 21 kacal gare ka ka nemi a sake dubawa.

Wanda bai tsallake ba, wata doka ta 2017 ta ba shi taimakon kwana 56, wanda sau tari bai wuce jerin lambobin masu gidan haya ba. Mai bizar da ta hana shi tallafin gwamnati kuwa, ko wannan bai samu. Sikotland, a tsibiri ɗaya, ta soke wannan tantancewar tun 2012.