Ba ƙwallo ce ta kayar da yaranku jarrabawa ba

Tun da muka tashi daga taron iyaye da malamai na ranar Asabar raina yake a ɓace. Waɗanda suka je sun ji da kunnensu: an soke gasar wasanni ta bana, an rushe ƙungiyar ƙwallon makaranta, kuma duk ɗan aji biyar ko shida da aka gani a fili bayan tashi, za a kira mahaifinsa. Dalili wai sakamakon WAEC na bara bai yi kyau ba. Aka ɗauki tafi, har da masu cewa Allah ya saka wa Yallabai shugaban makaranta da alheri.

Ni ban tafa ba, kuma ba zan tafa ba.

Yaran nan sun yi zango biyu cur babu tsayayyen malamin lissafi. Aji guda ya haura mutum tamanin, wasu a kan taga suke rubutu. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa kwaɗo ne a jikinsa tun shigarsu aji huɗu. Duk babu wanda ya ɗaga ko ɗaya daga cikin waɗannan a taron. Ƙwallo aka kama, don ita ce ba ta da bakin kare kanta. Ƙwallon ce ta hana a ɗauki malami? Ita ce ta cusa yara tamanin a aji? Ba ƙwallo ce ta kayar da yaran nan ba, kuma duk wanda ya tafa ya san haka a ransa.

Abin da ya sa maganar ta ci min rai, a gidanmu na ga abin da fili yake yi wa yaro. Ɗan yayata, lokacin da ya shiga sakandare, ko sallama zai yi sai ka kasa kunne. Malami ya jefo masa tambaya sai ya sunkuyar da kai, alhali ya san amsar, don in ka ba shi ita a gida zai rubuta maka tsaf. Tsoron a yi masa dariya ne ya ɗaure masa baki. Uwarsa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta biya kuɗin lesin, duk a banza. Malamin wasanninsu ne, Allah ya biya shi, ya duba tsayinsa ya ce ya shiga raga. To gola ba ya shiru. Dole ya daka wa 'yan baya tsawa, ya jera katanga, ya ce wane matsa, wane koma. Wasansa na farko an zura masa huɗu, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Washegari malamin ya aiko a ce masa atisaye ƙarfe huɗu, kada ya makara. Ya je. Zangon da ya biyo baya ya ture bugun fenareti a gaban makaranta kaf, abokansa suka ɗaga shi sama.

Yanzu yaron nan shi ne yake tsayawa ya yi muhawara a gaban taro. Ran nan ya ce min, "Kawu, wanda aka ci shi huɗu a gaban mutum ɗari biyar, me zai ji tsoro don ya faɗi amsa ba daidai ba?" Na rasa abin da zan ce masa. Shekara biyu muna neman maganin abin nan a cikin littafi, ashe yana bakin raga.

Abin da masu tafi ba su gane ba ke nan. A aji yaro yana jiran wata uku kafin ya ga sakamakon ƙoƙarinsa, kuma in ya faɗi, jan biro ne da bulala. A fili kuwa yau ya kasa, gobe ya gyara, jibi ya ga bambanci da idonsa. Nan yake koyon cewa maimaici yana canza mutum, kuma faɗuwa a gaban jama'a ba mutuwa ba ce. Yaron da ya san haka a jikinsa ba ya jefar da biro don lissafi ya ƙi fita sau ɗaya. Ga kuma gajiya mai amfani: wanda ya yi gudun awa guda da yamma, bayan isha'i barci yake, ba ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya, da safe ya shiga aji da idonsa a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Kullum fa, ba sau ɗaya a shekara ba. Mu kuma na sau ɗayan ma muka soke.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa. "Cikin yara dubu nawa ne ke zama Ahmed Musa?" Wa ya ce muku Ahmed Musa nake nema? Shi nasa rabon ne: ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018. Ni yaro nake nema wanda zai iya ɗaga hannu a aji, ya tsaya a gaban masu ɗaukar aiki gobe ba tare da jikinsa na rawa ba. Wani zai ce ai karatu da wasa ba sa haɗuwa. Segun Odegbami injiniyanci ya karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka lauya ne, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a 1980. Hakeem Olajuwon ta ƙofar Jami'ar Houston ya shiga ƙwallon kwandon Amurka. Sun haɗu a wurin waɗannan, sai a kan 'ya'yanmu ne za su ƙi haɗuwa?

Akwai yaran da ƙwallo ta ɗauke wa hankali, ban musa ba. Amma ku duba da kyau ku ga wace ƙwallon ce. Ba ta makaranta ba ce, ta unguwa ce, inda babu mai tambayar yaro ko ya shiga aji yau, inda wani zai zo da jaka ya ce zai kai shi Turai, a sayar da fili a ba shi kuɗi ya ɓace. Alhali dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa da sunan ciniki, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. In makaranta ta kori ƙwallo, yaro ba ya daina bugawa, hannun waɗannan yake faɗawa. Wanda bai faɗa nan ba kuma yana gidan kallon ƙwallo yana koyon caca a waya, ko yana majalisar da kowa ya san abin da ake sha a cikinta. Awa biyun da aka ƙwace daga fili ba littafi za su koma ba.

Ga hanya a buɗe da ba ta bukatar ko sisi. A jami'o'in Amurka, in makinka ya yi ƙasa ba za ka sa jesi ba, komai iyawarka. Me zai hana Yallabai ya yi haka? Wanda ya yi fashin aji ba zai buga wasan mako ba, wanda ya faɗi gwaji ya zauna a benci har ya gyara. Wallahi akwai yaran da bulala ta gaji da su, amma tsoron rasa jesi zai sa su riga mai gadi zuwa makaranta. Igiya ce a hannun malamai, suka sa wuƙa suka yanke ta da kansu.

'Yan mata kuwa ba a ma sako su a maganar ba, don tun asali ba su da fili. Su ne suka fi kowa bukatar wurin da za su yi gudu su yi ihu cikin sutura da mutunci, tsakaninsu da malamarsu.

Da nake wannan rubutun ma sai na tuna langa. Mu a firamare babu ƙwallon kirki, tsumma muke ɗaurewa, amma langa ba ta bukatar komai sai ƙafa ɗaya da ƙarfin hali. Ka riƙe ƙafarka ta baya, ka kare ruwa har ya sha, in aka ture ka ka tashi ka kakkaɓe ƙura. Jiya na tambayi yaran layinmu su bakwai, biyu ne kawai suka taɓa yi, ɗaya ma ya ɗauka sunan wani wasa ne na cikin waya. Filin da muke yinta a bayan makarantarmu yanzu shaguna ne jere, har da mai cajin waya a daidai inda muke shata gida.