Rufe makaranta ba shi ne tsaro ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta gwamnatocinmu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai, sai ka ji sanarwar rufe makarantu. Haka aka yi a Katsina bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, haka aka yi a Zamfara da aka sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Ban ce a bar yara a bakin kura ba. Amma bayan an rufe fa, sai me?

Ɗan mai kuɗi a mayar da shi makarantar kuɗi a birni. 'Yar talaka kuwa ta koma talla, kafin a buɗe an sa mata rana. Ita da aji har abada.

Tun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, kuma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta duniya. To ku leƙa makarantar kwana ta ƙauye ku gani. Katanga ta zube, awaki na ratsawa ta bayan ɗakin kwana, mai gadi dattijo ne guda da tocila da gora. Shi zai tare masu babura da bindigogi?

Kuma kada a ce mana babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sukan bar kuɗin nan jibge a Abuja, alhali yara na zaune a ƙasa, rufin kwano ya yaye. Gurgu da makaho ma ba a lissafa da su, duk da dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019.

Ranku ya daɗe gwamnoni, in ya zama dole a rufe, a faɗa wa iyaye ranar buɗewa, a faɗi makarantar da za a kai yaran kafin nan, a kuma biya kason UBEC na bana a tayar da katangun nan.