Lambar da ta ci mini sukarin wata guda

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Ya same mu a fadarmu ta Bukoki bayan isha'i, shayi na kan gawayi, ya miƙo mini wata 'yar takarda. "Kawu, kai da kake cewa lissafi a jininka yake, wannan tana rabuwa?"

Na haska: 4,294,967,297. Wai biyu ce aka jera guda 32 ana ninkawa, aka ƙara ɗaya.

Ni kuwa shekara goma sha biyu ina riƙe da littafin bashi a shagon maigidana a kasuwar Katako, yaron lakkwal ba zai kunyata ni gaban mutane ba. Na ce wutsiyarta 7, saboda haka 2 da 5 su kama gabansu. Na tara alƙalumanta, 59, ita ma 3 ba ta da rabo. Sai na ciro salula na bi su ɗaya-ɗaya: 7, 11, 13, 17, kowace sai ta bar saura. Shayi na farko ya wuce, na biyu ya huce a gabana. Ina kaiwa 97 salular ta ɗauke.

A nan ya kamata in yi shiru. Ina! Na bugi ƙirji na ce wannan gagara-rabo ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, kuma duk wanda ya raba ta, sukari da ganyen shayin fada na wata guda a wuyana.

Ashe Mushe, tsohon malamin lissafin da ke maƙwabtaka da mu, ba barci yake a kujerarsa ba. Ko ido bai buɗe ba ya ce, "Yaro, gwada 641."

Aka ba ni aron salula, don a tabbatar da hannuna na yanka kaina. 6,700,417 cif, ko ɗigo babu. Na sake dannawa, wai ko salular ce ba ta da lafiya.

Da dariya ta lafa, Mushe ya ce kafin a rantse a kan lamba irin wannan sai an gwada har wajen 65,536, ni kuma ko ɗari ban kai ba. Ya ce in kwantar da hankali, wani alƙalin Faransa, Fermat, ya faɗa ramin nan tun 1640. Ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka duk danginsu haka suke, wato biyun da aka jera guda 1, 2, 4, 8, 16, 32 da gaba ana ninkawa aka ƙara ɗaya, har da wannan tamu. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya zaƙulo 641, shekara 67 bayan mutuwar Fermat.

Na ce, "To Mushe, tunda manya ma sun yi kuskuren, ai sai a yafe mini."

Ya kurɓi shayinsa. "Shi Fermat bai yi alkawarin sukari ba."

Da safe ina fita da babur, ɗan yayar nan tawa ya leƙo daga zaure: "Kawu, sun ce mai ƙwaya za ka sayo, ban da na gari."