Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Jiya da asuba aka kama wani yaro a fadamar garinmu nan ƙasar Haɗeja, ya saɓo injin ban ruwan wani dattijo, 'yan sintiri suka ɗaure shi a gindin darbejiya ƙofar gidan mai unguwa, kafin hantsi gari ya rabu biyu, wasu na cewa ai talauci ne wasu na cewa a'a hali ne kawai. Ni dai ƙafarsa na tsaya ina kallo, duk faso, silifas ɗaya ya tsinke an ɗaure da leda. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban yarda talauci kaɗai ba ne.

Don na san yayansa. Uwa ɗaya uba ɗaya, a kwano ɗaya suka ci tuwo, shi yana can Kano yana dako a kasuwar Dawanau yana aiko wa tsohuwarsu ɗan na cefane. Yunwar da ta ci wannan ita ta ci wancan. Da ƙafarsa ya tashi tsakar dare ya nufi gonar bawan Allahn da bashi ya ci ya sayi injin nan, dole ya amsa laifinsa.

Amma fa jama'a mu ma mu duba. Gonar kakansu an raba gado an sake rabawa har rabonsa bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, ambaliyar 2022 ta cinye ɗan shinkafar da suka shuka kamar yadda ta yi wa mutanen Auyo da Kafin Hausa, 2023 aka cire tallafin fetur noman rani ya gagari ƙaramin manomi, taki kuwa sai dai kallo. Ya gama firamare ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. To kuma wa yake sayar musu da Tramadol a bayan tasha? Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma yaran nan kullum a buge suke. Wa zai karɓi injin a rabin kuɗi ba tare da ya ce daga ina ba? Mun san su sarai, sahu ɗaya muke sallah da su, ba a taɓa ɗaure ko ɗaya a darbejiya ba, wannan shi ya fi ƙona min rai.

Da na samu mai unguwa na ce ranka ya daɗe kafin a miƙa shi ga 'yan sanda a tambaye shi wa zai kai wa injin. Ya yi shiru ya ce za a duba. Uwar yaron tun safe tana bakin zaure da kwanon koko a hannu, har azahar ba a bari ta ba shi ba.