Tsofaffin shirye-shiryen talabijin ɗinmu suna mutuwa a cikin kaset

A watan Oktoban 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirinta na wasan kwaikwayon talabijin mai suna Doctor Who da ta daɗe da fid da rai da su, kuma a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos aka tsince su. An yi su ne a 1967 da 1968, aka sayar wa ƙasashen ƙetare kwafinsu a faifan majigi, ciki har da Najeriya. Ita BBC kuwa ta goge nata, domin a wancan zamani kaset tsada gare shi, da an nuna shiri sai a naɗi wani a kansa. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa ke nan bin tsofaffin ma'ajiyoyi ƙasa-ƙasa, shi ya lalubo su. Kafin nan kashi 106 ne suka ɓata, sai suka koma 97.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutanen Ingila sun san adadin abin da suka rasa, sun san sunan kowane kashi da ranar da aka nuna shi. Mu fa? Tun 1962 aka fara talabijin a Kaduna, CTV ta Kano ta biyo baya a farkon shekarun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ga Jos da Sakkwato da Maiduguri kowace da nata wasanni. Wa zai iya kawo jerin wasannin kwaikwayon Hausa da aka nuna a waɗannan tashoshi daga farko zuwa 1990?

Waɗanda suka yi fice ba su ne abin jin tsoro sosai ba. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karkuzu na Bodara, da wasannin marigayi Kasimu Yero, sun zauna a bakin mutane, kuma akan ci karo da guntayensu a YouTube ko Facebook, hoto dishi-dishi, murya na rawa. Damuwata tana kan ƙananan: wasan da aka yi wata uku ana nunawa kuɗi suka ƙare, shirin yara da ya tsaya saboda an yi wa mai gabatarwa canjin wurin aiki, hirar da aka yi da wani makaɗi ko tsohuwar ungozoma sau ɗaya tak. Irin waɗannan ba su daɗe ba balle wani ya naɗa a gida, ba su da masoyan da za su yi ƙorafi in an goge su. Sai dai ka ji dattijo yana rera waƙar buɗe shirin, ya manta sunansa.

Wani zai ce ai abin da ya yi kyau shi ke daɗewa, wanda ya mutu da wuri dama bai cancanci a tuna shi ba. Ban yarda ba. Sau da yawa rashin mai ɗaukar nauyi ke kashe shiri, ko canjin gwamnati, ko lalacewar kyamara ɗaya da tashar ke taƙama da ita. Ko da wasan bai yi armashi ba, a cikinsa akwai Hausar da ake yi kafin ta cakuɗe da Turanci kamar yau, akwai ɗinkin riguna da ɗaurin ɗankwali na lokacin, akwai yadda ɗa ke gaida uba, da kamannin unguwannin da tuni aka rushe. Mai bincike kan tarihin Kannywood ma dole ya faro daga nan, tunda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka fara fim ɗin bidiyo a wajajen 1990 a dandali da talabijin suka samu gogewa.

Lokaci kuma ba ya tare da mu. Abin da aka samu a Jos faifan majigi ne, wanda ya fi juriya. Namu yawanci a kaset ɗin U-matic da Betacam da VHS suke, su kuwa zafi da laima da ƙura na cinye su. Maganin da ke riƙe hoton a jikin zaren yakan yi danƙo, in aka sa shi a na'ura ba tare da an gyara ba, kunnawa ɗaya na iya kankare shi har abada. Na'urorin kansu sun zama kayan tarihi. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Injiniyoyin da suka san kan waɗannan injuna sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Kuma an ga misalin cewa abin mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, an ɗauka ya ɓata, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Amma shi yana da suna, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne tushensa. Ƙaramin wasan da aka yi a Sakkwato babu wani Bajamushe da zai zo nemansa.

Na san gwamnatocin jihohi na fama da albashi da tsaro, kuma akwai rigimar haƙƙin mallaka tsakanin tasha da 'yan wasa da magadansu. Sai dai matakin farko ba ya cin kuɗi masu yawa. Kowace tasha ta buɗe ɗakin ajiyarta, a ƙirga kaset, a rubuta abin da ke jikin kowane, a wallafa jerin kowa ya gani. Ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello za su iya wannan a hutu ɗaya. Daga nan a fara juye waɗanda suka fi lalacewa zuwa kwamfuta, ba waɗanda suka fi shahara ba, a ajiye kwafi a Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, da ma'ajiyar fina-finai ta Jos. A kuma yi shela a rediyo ga tsofaffin ma'aikata da iyalan 'yan wasa, duk mai kaset a akwati ya kawo a juye a mayar masa da abinsa, a zauna da waɗanda ke raye su faɗi wa ya rubuta, wa ya fito, a wace shekara.