Lambar da ke jikin kwali ba ita ce bindiga ba

Tun da na saka hoton takardar nan da na harba, mai huda biyar wuri guda, mutane suke ta biyo ni da tambaya iri ɗaya: wace bindigar iska ce ta fi ƙarfi a kuɗi kaɗan? Jiya ma a majalisarmu ta shayi a unguwar Aboabo, nan Kumasi, wani ƙanena ya miƙo mini waya, ya nuna mini wata da aka rubuta 1200 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Ya ce, "Yaya, wannan fa? Ai ta gama magana." To bari in amsa muku gaba ɗaya, don tambayar tun daga tushe ta karkace. In dai takarda za ka harba don gwada saiti, ƙarfi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka zuba wa kuɗinka.

Ba wai na fi ku wayo ba ne, ni ma ta wannan ramin na bi. Bindigata ta farko cinikin biri a sama na yi. Na gan ta a hoto, baƙa wuluk, ga madubin hange an ɗora mata wai kyauta, ga lambar gudu mai tsoratarwa. Ban taɓa ta ba, ban harba ba, na tura kuɗi ta waya. Ranar da na kai ta gonar kawuna can wajen Ejisu na gane kurena. Kafin in ɗana ta sai na tokare da gwiwa ina nishi. Kunamarta tauri kamar sakatar da tsatsa ta ci. Na yi harbi goma daga mita goma, hudojin suka watsu a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Gwangwanin harsashi na farko bai ƙare ba madubin ya sukurkuce, yau ka gyara saiti gobe ya koma wani wuri.

Kawu tsohon soja ne, ba ya da yawan magana. Yana zaune gindin bishiya yana kallona har na gaji. Sai ya ce, "Ɗana, takarda ka zo harbi ko giwa?" Ya karɓa, ya harba sau uku, ya miƙo mini. "Doki ka saya, ba linzami."

Daga baya na zauna na fahimci abin da yake nufi. Lambar nan 1200 ƙafa ce a cikin daƙiƙa guda, wato wajen mita 365. Masu ƙerawa sukan auna ta da harsashi marar nauyi wanda ba na dalma ba, don lambar ta yi kyau a kwali. Ko da gaskiya ce ma, ba abin murna ba ne. Ɗauki harsashin bindigar iska ka duba shi da kyau: kai, siririn ƙugu, buɗaɗɗen gindi, sak kalangu. An yi shi ne ya tafi ƙasa da gudun sauti, shi kuwa sauti wajen mita 340 yake yi a daƙiƙa. Da harsashin ya kusanci wannan gudun sai ya fara tangaɗi a iska, ya sauka inda ya ga dama. Ga kuma jijjiga. A bindiga mai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake matsewa in an ɗana, ƙarfen da ke tura iska yana zabura ne tun harsashi bai bar bututu ba, saboda haka duk girman sifirin, girman girgizar da za ta kautar da bakin bindiga ke nan.

Dubi waɗanda harbin saiti ne sana'arsu. Tun 1984 ake gasar bindigar iska a wasannin Olamfik, tazarar mita 10, harsashi mai faɗin milimita 4.5. Tsakiyar takardar, inda ake cin maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ka ɗosa biro. Bindigoginsu kuwa wajen mita 170 kawai suke yi a daƙiƙa, ko rabin abin da kwalin ƙanena ke alfahari da shi ba su kai ba. Da ƙarfi ke kawo saiti, ai da su za su fara nemansa.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? Kunama da farko. Kunama mai laushi, wadda ka san daidai inda za ta saki, ita ce rabin harbi. In sai ka yi kokawa da ita, hannunka ya riga ya motsa kafin harsashi ya fita. Bayanta bututu, sannan yadda bindigar ke zama a kafaɗarka. Fenti da ƙyale-ƙyale ba su taɓa huda takarda ba.

Iri uku za ku fi cin karo da su. Akwai mai tukunyar iska, wadda ake ɗura wa iska a matse. Ba ta jijjiga, harbinta daɗi, ba na musu. Amma tukunyar na son matsin iska awo 200 ko fiye, alhali tayar ƙaramar mota awo biyu da ɗoriya take sha. Ke nan injin mai faci na bakin titi ba zai yi maka komai ba. Sai ka sayi famfonta na musamman, wani kuɗin daban, kuma a garin nan namu da iska ke jiƙe da raɓa kusan duk shekara, danshi na iya bin famfon ya taru a tukunya. Akwai mai 'yar kwalbar gas mai giram 12. Ita kuma kamar ka auri mai son kwalliya ne, kullum hannunka na aljihu, ga ƙarfinta na sauyawa da zafi ko sanyin gari. Sai mai sifirin, wadda ake karya bututu a ɗana. Ba ta neman komai sai hannunka da harsashi. In ta tsufa, sifirin da robobi za ka sauya, shi ke nan. Ga mai koyo a Kumasi, wanda ke lissafin sidi, ban ga abin da ya kai matsakaiciyar mai sifirin ba, ta milimita 4.5.

Maganar kamfani kuwa, kowa da gwaninsa. Gamo ta Sifen ce, Hatsan ta Turkiyya, Diana da Weihrauch na Jamus. Ni dai bayan na rabu da waccan da asara, Weihrauch HW30 na saya ta hannu, gindinta duk ƙarzuna, kuma har yau ban yi nadama ba. Ƙarama ce, yaro ɗan sakandare zai ɗana ta ba gumi. Jamusawa suna da doka cewa bindigar iskar da baligi zai saya ba lasisi kada ƙarfinta ya wuce jul 7.5 (ma'aunin ƙarfin harbi ke nan), don haka sun daɗe da iya ƙera mai sanyin hali. Tsohuwa mai asali ta fi mini sabuwa mai surutu. Na Sin ba duka ne marasa kyau ba, amma caca ce, biyu daga kwali ɗaya sai ka ga halinsu ya bambanta.

Sai dai ta hannu ba a sayenta da ido rufe. Karya ta, ka leƙa bututun ta wajen haske, ka ga zanen da ke murɗe a ciki ya fito tsaf ba ramukan tsatsa. Rufe ta ka girgiza bututun, in yana rawa a mahaɗa ka ajiye musu kayansu. Sannan ka nemi a bar ka ka yi harbi biyar. Wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya gaya maka abin da kake son sani. In ta yi ƙara kamar ta albarushi tana fitar da hayaƙi, wani ya ɗura mata mai a ɗakin iska, man ne ke kamawa da wuta yana cin roba. Kuma kada a kuskura a harba mai sifirin ba harsashi a ciki, haka ake kashe ta. Ina girmama mutanen Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, babu injin da ya gagare su, amma don Allah kada ka kai wa kowa bindigarka wai a ƙara mata ƙarfi.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne harsashi ya fi bindiga cin kuɗi in tafiya ta yi nisa. Gwangwani ɗaya na 4.5 yawanci guda 500 ne, mai zuwa duk Asabar kuwa ba ya daɗewa da shi. Nemi mai shafaffen kai, shi ke yanka takarda da huda mai tsabta. JSB na ƙasar Cek, H&N da RWS na Jamus, duk sanannu ne, amma kowane bututu da irin wanda yake so, sai ka gwada. Na banza mai lanƙwasasshen gindi zai sa ka zagi bindiga ba laifinta. Dalma ce fa, kada a riƙe a baki, a kuma wanke hannu kafin a zauna gaban wake da shinkafa. Madubin hange ka bar shi tukuna. A mita 10 saitin ƙarfe da ta zo da shi ya ishe ka, kuɗin ka sayi harsashi.

Saura wadda ta fi duka. Kada ka ce tunda iska ce ba ruwan hukuma. A ƙasar nan tamu ta Gana 'yan sanda ke rajistar bindiga, shigo da makami daga waje kuma sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida. Je ofishinsu ka yi tambaya kafin ka biya ko kwabo, ka karɓi rasit, ka ajiye takardunka. Mu 'yan Zango mun san irin kallon da ake wa yaranmu, kuma daga nesa babu mai bambance ta iska da ta wuta. A sa ta a jaka in za a fita. Gidajenmu na Asawase da Sabon Zango a cushe suke, yara ko'ina, harsashin nan kuma yana fasa ido. Ni ban taɓa harbi a tsakar gida ba. A gona muke yi, takarda a gaba, tudun ƙasa a bayanta.

Shi ƙanen nawa na ce ya riƙe kuɗinsa zuwa Asabar. Zai bi ni Ejisu ya yi harbi ashirin da tawa, Kawu na kallo. Ya ce, "Yaya, in na ci tsakiya fa?" Na ce in ya ci sau uku a jere, gwangwanin harsashinsa na farko ni zan saya.